Inabi: ire-irensa, ƙasashen da ke nomansa, da gaskiyar maganar jar giya

Ƴan'uwa manoma da masu garake, da ku iyayen gida masu kula da abincin iyali, yau shafinmu zai yi magana a kan inabi. Kowa ya san sunansa tun daga makarantar allo, domin Alƙur'ani mai girma ya ambace shi a wurare da dama tare da dabino da zaitun da rumman. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa ganin itacensa. A kasuwannin Yamai da Maraɗi da Damagaram ana ganin ƴaƴansa cikin ƙananan kwalaye, mafi yawa daga ƙasashen waje, da tsadar da ta sa ba a cika sayensa ba sai don maras lafiya ko don buɗa baki. Mai garka in ya ji kuɗin kilo guda, dole ya tambayi kansa ko wannan itace zai yi a ƙasarmu. Ga kuma wata magana da ta daɗe tana yawo, wai Turawa sun gano jar giyar inabi magani ce ga zuciya. Ba za a fahimci waɗannan abubuwa ba sai an san inda ake noman inabi, da abin da masu nomansa ke yi da shi.

Itacen da ke son sanyi da fari

Inabi ba ya tsayawa da kansa kamar mangwaro. Yaɗo yake yi, yana kama abin da ya samu, shi ya sa ake kafa masa sanduna da waya ko a yi masa rumfa. Asalinsa daga yammacin Asiya ne da duwatsun Kokas. A ƙasar Jojiya an tono tukwanen ƙasa masu alamar giyar inabi waɗanda suka kai shekara 8000. Daga can ya bi bakin tekun Bahar Rum, ya shiga Masar da Girka da Italiya da Faransa da Sifen da ƙasashen Magrib.

Yau gonakin inabi na duniya sun ɗan wuce hekta miliyan 7. Sifen ce ta fi kowa faɗin gonaki, sai Faransa da Sin da Italiya, sannan Turkiyya. Wajen rabin abin da ake girbewa ne ke tafiya ga giya. Sauran rabin ana cinsa ɗanye, ko a shanya shi ya zama zabibi, ko a matse ruwansa a sha ba tare da ya yi tsami ba.

Idan aka dubi taswirar duniya, za a ga tsofaffin ƙasashen inabi suna tsakanin digiri 30 da 50, arewa ko kudu da layin da ya raba duniya biyu. Dalili shi ne a can akwai sanyi mai tsanani wanda ke sa itacen ya zubar da ganye ya yi barci na wata uku ko huɗu, sannan ya farka ya yi toho gaba ɗaya. Bayan haka yana son rana mai yawa da ƙarancin ruwan sama lokacin da ƴaƴa ke nuna. Maraɗi da Damagaram suna wajen digiri 13 zuwa 14, Tawa kusa da 15. Ke nan muna waje da wannan yanki. Za mu dawo kan abin da hakan ke nufi, domin ba ƙarshen magana ba ne.

Yadda ruwan inabi ke zama giya

In aka ɓare ƙwayar baƙin inabi za a ga cikinta fari ne. Launin yana cikin fata. A jikin fatar kuma akwai ƙwayoyin yis, dangin wanda ke kumbura burodi. Da zarar an murƙushe ƴaƴan, yis ɗin nan sai ya shiga cin sukarin da ke cikin ruwan, yana mai da shi barasa, kumfa tana tashi. Mai son farar giya yakan tace ruwan nan da nan. Mai son ja yakan bar ruwan tare da fata da ƙwallaye har mako ɗaya zuwa uku, fatar ta rina shi. Abin da ke fitowa yana ɗauke da barasa kashi 12 zuwa 15 cikin 100, alhali biya ta kwalba ba ta cika wuce kashi 5 ba. Kwalbar jar giya guda ta santilita 75 tana daidai da manyan kwalaben biya uku wajen bugarwa.

Wannan bayani yana da amfani ga uwar gida. Ruwan inabi da aka matse aka ajiye cikin zafin ƙasarmu zai fara kumfa da kansa cikin kwana ɗaya zuwa uku, ko ba a sa masa kome ba. Sai a sha shi a ranar, ko a tafasa shi a rufe cikin kwalba mai tsabta. Da wannan dabara ta ɗumamawa ne wani likitan haƙori na Amurka, Thomas Welch, ya fara yin ruwan inabi maras barasa a 1869.

Ire-iren inabin giya da garuruwansu

An san ire-iren inabi wajen 10,000, amma ƴan kaɗan ne suka mamaye gonaki. Inabin giya daban yake da na ci: ƴaƴansa ƙanana ne, fatarsu da kauri, ƙwallaye da yawa, sukari kuma ya fi yawa. Wanda ya ɗanɗana shi ɗanye ba lalle ne ya ji daɗinsa ba.

Sarkinsu shi ne Cabernet Sauvignon, ɗan yankin Bordo a kudu maso yammacin Faransa. Yana da kaurin fata, yana jinkirin nuna, yana son ƙasa mai tsakuwa wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta. Sai a 1997 masu bincike na jami'ar Kalifoniya a garin Davis suka bayyana cewa barbarar iri biyu ce ta haife shi, baƙin Cabernet Franc da farin Sauvignon Blanc. Abokin tafiyarsa shi ne Merlot, mai saurin nuna, mai son ƙasar laka. Manoman Bordo sukan shuka su biyun su gauraya, don in shekara ta ɓata ɗaya, ɗayan ya rufa asiri. Manomin da ke haɗa gero da wake a gona guda ya san wannan hikima.

A gabas kuwa, yankin Burgonyi, iri guda suka riƙe wajen jar giya, wato Pinot Noir. Fatarsa siririya ce, ba ya jure zafi, ba ya jure ruwa, ga saurin kamuwa da cuta. Duk da haka a can ne gona mafi tsada take. Wata gona mai suna Romanée-Conti ba ta kai hekta 2 ba, amma kwalba guda ta giyarta takan ci miliyoyin sefa. A kwarin kogin Ron akwai Syrah, wanda mutanen Ostareliya suka ɗauka suna kiransa Shiraz. Kudancin Faransa da Sifen, inda zafi da fari suka fi yawa, suna da Grenache da Carignan da Cinsault. Sifen tana alfahari da Tempranillo na yankin Riyoha, Italiya da Sangiovese na Tuskani da Nebbiolo na Piyemon. Malbec ya bar Faransa ya sami gida a Mendoza ta Ajantina, ƙasa busasshiya da ake shayarwa da ruwan ƙanƙarar duwatsun Andes. A nahiyarmu, Afirka ta Kudu ta fara matsar inabi a 1659, kuma a 1925 wani malami, Abraham Perold, ya haɗa Pinot Noir da Cinsault ya fitar da irin da ake kira Pinotage.

Abin koyi a nan ba giyar ba ce, yadda suka kare sunan ƙasarsu ne. Tun 1935 Faransa ta kafa dokar da ta hana kowa rubuta sunan Bordo ko Burgonyi a kwalba sai in a wannan yanki aka noma inabin, da irin da aka amince da shi, kuma ba a wuce adadin da aka ƙayyade wa kowace hekta ba. Sun yarda cewa ƙasa da iska da hannun manomi suna shiga cikin ɗanɗanon amfanin gona. Mu ma mun san haka, domin albasar Galmi ba ɗaya take da kowace albasa ba. A kan wannan tafarki ne hukumar OAPI mai mazauni a Yawunde ta yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar rajista a 2021.

Me ya sa suke haɗa jar giya da nama

A Faransa da Italiya ba a ɗauki giyar inabi abin sha na mashaya kaɗai ba, tana kan teburin abinci. Suna da ƙa'idodi masu yawa kan wace giya ke tafiya da wane abinci, har akwai masu sana'ar ba da shawara a kan haka a manyan otal-otal. Asirin abin kuwa ba wani mai zurfi ba ne. Duk wanda ya taɓa cin goro, ko ya sha shayin farko mai ƙarfi, ya san baurin nan da ke kama harshe ya busar da baki. Abin da ke kawo shi sunansa tanin. Shi ne kuma ke cikin bagaruwar da majema ke jeme fata da ita. Tanin yana kama sinadarin gina jiki: a wurin majemi ya kama na fata, a cikin baki ya kama na miyau. Fatar baƙin inabi da ƙwallayensa cike suke da shi.

To, in mutum ya ci nama mai kitse, maiƙo yakan shafe baki. Abu mai bauri yana wanke maiƙon, naman kuma yana rage kaifin baurin. Shi ya sa mutanen Bordo ke haɗa Cabernet Sauvignon da gasasshen naman rago, mutanen Ajantina su haɗa Malbec da gasasshen naman shanu. Giya maras bauri sosai kamar Pinot Noir sukan ba ta kaza da agwagwa. Sangiovese mai ɗan tsami sukan kai ta ga taliya da miyar tumatir, domin tsami ya tarbi tsami. Kifi kuwa yawanci farar giya suke ba shi, kuma su da kansu sun yarda cewa abinci mai barkono ba ya shiri da jar giya mai ƙarfi, don barasa tana ƙara zafin yaji. Wanda ya ci balangu ya bi da shayi ya riga ya yi abin da suke yi, bai kuwa bugu ba.

Tun da an ambaci shayi, ga gargaɗi a gefe. Tanin yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe da ke cikin gero da wake da ganye, wanda jini ke buƙata. Mace mai ciki, da mai shayarwa, da duk mai ƙarancin jini, su bari sa'a guda ta wuce bayan abinci kafin su sha shayi.

Akwai wani abu da ya kamata ɗalibanmu da matafiya da masu aikin girki a otal su sani. Turawa ba sha kawai suke yi ba, suna dafa abinci da giya. Fitattun girke-girken Burgonyi biyu, naman shanu da zakara, cikin jar giya ake dafa su, kuma sunayensu a takardar abinci su ne bœuf bourguignon da coq au vin. Akan ce wuta tana kore barasar duka. Ba haka ba ne. Wani awo da aka yi a Amurka aka buga a 1992 ya nuna bayan minti 15 a kan wuta wajen kashi 40 cikin 100 na barasar yana nan, bayan sa'a biyu da rabi ma akwai saura wajen kashi 5. Wanda ke kiyaye addininsa, ko mai ciwon hanta, ya tambaya kafin ya ci.

Wai magani ce ga zuciya?

Ga Musulmi hukuncin giya a bayyane yake cikin suratul Ma'ida, ba ya buƙatar shaidar likita. Amma tun da ana yaudarar matasa da sunan kimiyya, ya kamata a san inda maganar ta fito da inda ta ƙare.

A 1991 wani gidan talabijin na Amurka ya nuna shiri a kan abin da suka kira abin mamakin Faransa. Aka ce Faransawa suna cin kitse da cuku da man shanu, amma ciwon zuciya bai kashe su kamar Amurkawa, kuma wai jar giya ce dalili. Wani mai bincike Bafaranshe, Serge Renaud, shi ne ya fi yaɗa wannan ra'ayi. Cinikin jar giya ya tashi ƙwarai a Amurka, masu sayarwa suka ji daɗi. Daga baya aka sake duba lissafin. Sai aka tarar cikin waɗanda aka ƙidaya a matsayin marasa sha akwai tsofaffin mashaya da ciwo ya tilasta musu bari, su ne suka sa rukunin marasa sha ya zama kamar ya fi rashin lafiya. Aka kuma lura masu shan kofi guda a teburin abinci galibi masu hali ne, suna cin abinci mai kyau, suna zuwa asibiti a kan kari. Da aka gyara waɗannan kurakurai, amfanin da ake faɗa ya ragu har ya kusa ɓacewa. Shi kuma sinadarin fatar inabi da ake yabo, mai suna resberatrol, abin da ke cikin kofi guda kaɗan ne ƙwarai. Kafin mutum ya kai adadin da aka ba ɓeraye a ɗakin gwaji sai ya sha ɗaruruwan kofuna a yini.

Cutarwar kuwa tabbatacciya ce. Tun 1988 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, wadda ke birnin Liyon, a tsakiyar ƙasar inabi, ta sa giya cikin rukunin farko na abubuwan da ke haddasa ciwon daji, rukuni ɗaya da taba. Tana da hannu a ciwon daji na baki da maƙogwaro da hanta da hanji da na nono. Tana ƙona hanta, tana hawar da jini, tana lalata ƙwaƙwalwar jaririn da ke ciki. A watan Janairu na 2023 OMS ta bayyana cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba ya cutar da lafiya, kuma rahotonta na 2024 ya ce barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2 da dubu 600 a shekarar 2019 kaɗai. Hanta ba ta bambanta giya mai tsada da burkutu, barasar ɗaya ce.

Su kansu Faransawa sun rage. A shekarun 1960 abin da ke kan kowane mutum ya wuce lita 100 a shekara, yau ya sauko wajen lita 40. A 2024 shan giyar inabi a duniya ya faɗi ƙasa fiye da kowace shekara tun 1961. A wannan shekarar gwamnatin Faransa ta yi tayin biyan manomi yuro 4000, wato sama da sefa miliyan 2 da dubu 600, a kan kowace hekta da ya tumɓuke inabinta.

Ƙwaron da ya cinye gonakin Faransa

Labarin da ya fi dacewa da manomi shi ne na wani ɗan ƙwaro mai suna filoksera, wanda ido da ƙyar ke ganinsa. Ya shigo Turai cikin saiwoyin inabin da masu sha'awar tsirrai suka ɗauko daga Amurka. Wajen 1863 aka fara ganin itatuwa suna bushewa a kudancin Faransa ba a san dalili ba. Sai a 1868 wani masanin tsirrai, Jules-Émile Planchon, da abokansa suka tone itacen da bai gama mutuwa ba, suka tarar da ƙwarin manne da saiwa suna tsotsa. Aka gwada guba, aka gwada malale gonaki da ruwa, gwamnati ta sa kyauta mai tsoka ga wanda ya samo magani, amma duk bai isa ya tsayar da ƙwaron ba. Giyar da Faransa ke yi ta faɗo daga lita biliyan 8 da rabi a 1875 zuwa ƙasa da biliyan 2 da rabi a 1889. Dubban iyalai suka bar ƙauyukansu.

Maganin daga inda cutar ta fito ya zo. Inabin daji na Amurka ya saba da ƙwaron, saiwarsa ba ta mutuwa, sai dai ƴaƴansa ba su da daɗi. Sai aka yi aure: gindi na Amurka, reshe na Turai, kamar yadda muke ɗora reshen mangwaro mai daɗi a kan gindin ɗan gida. Har yau kusan duk inabin Turai a kan gindin aro yake tsaye. An kuma lura ƙwaron ba ya iya zama cikin rairayi. Daga Amurkar dai wata funfuna ta biyo baya a 1878, mai cin ganye lokacin damshi. A kanta ne Alexis Millardet ya bayyana haɗin shuɗin gishirin tagulla da farar ƙasa a 1885, maganin feshin da ake kira haɗin Bordo, wanda masu lambu ke aiki da shi har gobe.

Masifar Faransa ta sauka a kan maƙwabciyarmu Aljeriya ta wata fuska. Turawan mulkin mallaka suka karɓe ƙasa mai kyau a Maskara da Tilimsan da Midiya suka dasa inabin giya, a ƙasar da mafi yawan mutanenta ba sa sha. A shekarun 1930 gonakin sun kai wajen hekta dubu 400, kuma kafin samun ƴancin kai a 1962 Aljeriya ce ta fi kowace ƙasa fitar da giyar inabi. Da Faransa ta rufe kasuwarta, sai kaya ya rasa mai saye. Tarayyar Sobiyet ta saya na ƴan shekaru da araha, sannan a shekarun 1970, zamanin shugaba Bumadiyan, aka shiga tumɓuke gonaki. Noman da mai gona ba ya ci, mai saye kuma guda ɗaya ne, ƙarshensa ke nan.

Inabin ci da zabibi

Ƙasashen Musulmi da dama manyan manoman inabi ne ba don giya ba. Turkiyya tana cikin biyar na farko a faɗin gonaki, amma kaɗan ne daga amfaninta ke shiga giya. Ita ce kan gaba wajen fitar da zabibi, daga yankin Manisa. Irin da suke shanyawa shi ne Sultana, fari maras ƙwallo, wanda a Amurka da Indiya ake kira Thompson Seedless. Sukan tsoma nonnan inabi cikin ruwan gishirin toka da ɗan man zaitun kafin shanya, don fatar ta saki ruwa da sauri. Kilo 4 na ɗanye ke ba da kilo 1 na zabibi. Suna kuma dafa ruwan inabi har ya yi kauri kamar zuma, su ajiye shi shekara, suna naɗe shinkafa da nama cikin ɗanyen ganyensa. Masar da Iran da Afganistan da Uzbekistan duk suna wannan noma. Sin ce ta fi kowa noman inabin ci.

Ɗanyen inabi kashi 80 cikin 100 ruwa ne, kuma a giram 100 akwai sukari wajen giram 16. Yana kashe ƙishirwa, yana ba maras lafiya ƙarfi da sauri, kuma abin da ake yabo cikin jar giya yana nan cikin fatarsa ba tare da barasa ba. Amma ba ya fin gwaiba ko lemo ko mangwaro amfani, kada talaka ya ci bashi dominsa. Zabibi sukarinsa ya ninka na ɗanye kusan sau huɗu, mai ciwon sukari ya yi hattara. A wanke inabi da ruwa mai tsabta kafin ci, domin yana cikin amfanin da ake yawan yi wa feshi. Yaron da bai kai shekara 5 ba kuwa, kada a ba shi ƙwaya sukutum. Girmanta daidai yake da maƙogwaronsa, tana iya toshe masa numfashi. A tsaga ta a tsaye gida huɗu.

Zai yi a garkarmu?

A tsaunukan Ayar, garaken Timiya suna fitar da inabi tare da lemo da rumman, domin tudu yana ba su sanyin dare. A ƙasa mai zafi kamar kudancinmu itacen ba ya barci, yakan yi ta ganye yana ba da ƴaƴa jefi-jefi. Manoman Indiya na yankin Nashik, wajen digiri 20, sun warware wannan da wuƙa. Suna yi wa itacen aski sau biyu a shekara. A watan Afrilu sukan datse rassa har kusa da gindinsu, su bar ido ɗaya ko biyu, don sababbin rassa su fito su ƙosa. A watan Oktoba, bayan ɗaukewar ruwa, su sake datsewa su bar idanu da dama a kowane reshe, daga nan fure ke fitowa. Girbi yana zuwa daga Fabrairu zuwa Afrilu. A Barazil, yankin Petrolina da ke digiri 9 kacal, da ban ruwa daga kogin San Faransisko suna girbi sau biyu a shekara. Yanayin Nashik, damana sannan ɗari sannan bazara, ya yi kama da namu, sai dai zafinmu da iskar hunturu sun fi tsanani.

Wanda ke son gwadawa ya fara da gindi biyar ko goma, na irin ci, ba hekta ba. Ana dasa shi da yankakken reshe mai kaurin fensir, mai ido uku ko huɗu, a rene shi cikin leda a inuwa kafin a kai shi rami. A nemi wurin da ruwa ba ya kwanciya. Jigawa mai taki ta fi fadamar da ke malala, kuma rijiya mai kanwa ba ta dace da shi ba. A bar mita 2 zuwa 3 tsakanin gindi da gindi, a kafa rumfa mai ƙarfi, a yi shinge ta gabas saboda iska. Shekarar farko reshe guda ake bari ya hau rumfa, a cire sauran. Ƴaƴa sai shekara ta biyu ko ta uku. Gara abokiyar gabarsa ce, don haka taki ya ruɓe sarai kafin a zuba. Cikin damana funfuna takan kama ganye, shi ya sa ba a son fure ko ƴaƴa su haɗu da ruwan sama. Kada kuma kowa ya ɗauko dashe mai saiwa da ƙasa daga wata ƙasa cikin kayansa ba tare da ma'aikatan kare tsirrai sun duba ba, ta haka filoksera ya tsallaka teku. Malaman gona na gunduma da ma'aikatan INRAN su ne za a tuntuɓa kan iri da magani.

Daga askin Oktoba zuwa nuna wajen wata huɗu ne. Idan ƴaƴa suka fara laushi a rage ban ruwa, don kada su fashe kuma sukari ya taru. Lokacin ne tsuntsaye da zanzaro ke zuwa, sai a sa kowane nono cikin jakar takarda ko tsohon gidan sauro. Inabi ba ya ƙara nuna bayan an tsinke shi, ba kamar ayaba ko mangwaro ba, saboda haka a ɗanɗana ƙwayar ƙarshen nono kafin a yanka. A yanka da almakashi da sassafe, a jera cikin kwando sahu ɗaya ko biyu, a kai kasuwa a ranar ko washegari. Abin da bai sami mai saye ba a baza shi a kan tabarma mai tsabta a bisa rumfa, a rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙura da ƙuda, ana juyawa. Cikin mako biyu zuwa uku ya zama zabibi.